Yadda Tahiru Ya Koya wa Ordinatar Biyayya

A Agiye, in ka sauka tasha ka tambayi inda ake buga takarda, za a nuna maka wani ɗan shago mai shuɗiyar ƙofa, a ce ka je wajen Injiniya. Kada ka ɗauka wata lakol ce ta karantar da shi ta ba shi sunan. Tahiru ne ya raɗa wa kansa ranar da ya zaro wata takarda da ta maƙale a injin fotokopi, mu kuwa 'yan uwa da maƙwabta, da yake ba mu da sana'ar da ta fi zuga mutum, muka taya shi riƙewa. Shagon ma ba ya yarda a ce masa shago, sai buro, wato ofis. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara jin "ban sani ba" ta fito daga bakinsa.

Abu ɗaya ne ya tsaya wa Tahiru a rai, shi ne alƙalamin zuri'a. Mu jikokin Kaka Gidaɗo gida uku ne a garuruwa uku: na Gidan Rumji, na Agiye, da na Gazawa. Kowace shekara, kwana uku bayan babbar Salla, ana haɗuwa a Gidan Rumji a karanta sunayen dangi gida-gida. Mai rai ya miƙe ya amsa, wanda ya riga mu gidan gaskiya a yi masa Fatiha. Mai riƙe da littafin sunayen shi ake ce wa magatakarda. Mahaifin Tahiru ya riƙe har ya rasu, sannan ƙanensa Malam Labo, tsohon mushen lakol, wato malamin makaranta, ya karɓa. To bana Malam Labo ya ce ido ya gaji, a wurin taro zai miƙa alƙalami ga wanda ya ga ya dace. Tahiru na jin haka ya ce ai gado ba ya ɓatan hanya, har ya kai wa tela shadda.

Littafin kuwa gara ta fara yi masa aski. Raliya ce ta kawo shawarar a mayar da shi cikin ordinatar, wato kwamfuta, a buga sabo a raba wa kowa. Ita ɗiyar yayar Tahiru ce, ta yi karatun ordinatar a jami'a, kuma ba ta da yawan magana. Da yake rezon intanet a wajenmu yau ga shi gobe babu, sai ta sa wa mutum uku wata manhaja da ake kira Git: Malam Labo a Gidan Rumji, Abdulƙadir ɗan kasuwa a Gazawa, sai Tahiru a Agiye. Kowa ya rubuta gidansa a tasa ordinatar, ran da rezo ya samu ya tura, manhajar ta haɗa rubutun wuri ɗaya, ta kuma riƙe tarihin wane ne ya canza me.

Ranar da ta zo Agiye ta zauna gefen teburin Tahiru ta ce, "Kawu, abu uku ne za a saita, minti biyar ya isa. Na farko, allon da zai riƙa buɗe maka ka rubuta bayanin abin da ka canza duk sa'ad da za ka ajiye aiki. Na biyu, abin kwatance, wanda zai jera maka tsohon rubutu da sabo gefe da gefe, abin da aka cire ya fito ja, abin da aka ƙara ya fito kore. Na uku, mai sasanci. In mutum biyu suka taɓa layi ɗaya, shi zai nuna maka duka biyun ka zaɓa."

"Kin saita wa Baba Labo?"

"Na saita."

"Abdulƙadir fa?"

"Shi ma."

"To kin gama da masu buƙata. Ni za a saita wa ordinatar? Sa'ad da na fara taɓa ordinatar ke kina goye a bayan yayata."

Raliya ba ta yi musu ba. Ta rubuta layukan uku a takarda ta ajiye masa, ta ce za ta tafi Yamai sitaj, wato koyon aiki, na sati biyar, haɗawar ƙarshe a bar mata. Kafin la'asar Jibrilla mai shayi, wanda teburinsa ke ƙofar buron, ya naɗe wa wani direba burodi da takardar.

A teburin shayin nan Tahiru ya bayyana mana shirinsa. Ya ce, "Kun san abin da ke damun waɗannan na'urori? Rashin tarbiyya. Wanda ya ƙera su, a garinsu yaro da babba duk ɗaya ne. Ni zan koya wa tawa bin na gaba, in kai ta Gidan Rumji kowa ya gani."

Jibrilla ya ce, "Allah ya sa ta ɗauki karatu."

Washegari da hantsi ya buga sunaye arba'in, ya zo ajiyewa. Fuskar ordinatar ta rikiɗe ta koma baƙa ƙirin, da wasu 'yan alamu a jere gefen hagu. Ya buga rubutu, wasu haruffa suka fito, wasu suka ƙi, na'urar na ta yi masa ƙara. Ya nemi hanyar fita, babu. Ya danna nan ya danna can, har ya haɗa yatsu biyar ya danna gaba ɗaya. Wata mata da ta zo fotokopin takardar haihuwa ta gaji da tsayuwa ta zauna a dakali.

Jibrilla ya leƙo. "Injiniya, lafiya? Tun ɗazu na ga ka dafe kai."

"Tunani take yi. Aiki mai nauyi na ba ta."

"To shayinka ya huce. Ita ke tunanin ko kai?"

Kan ka ce kwabo mutane sun cika ƙofa. Wani direba ya ce a zare batir. Wani ɗan kabu-kabu ya ce a ɗan bubbuga ta a gefe, haka yake wa rediyonsa. Wani dattijo ya ce a tofa mata Ƙulhuwallahu ƙafa uku, in ba ta yi amfani ba ai ba ta cutarwa. Tahiru ya je azahar ya dawo, baƙin allo na nan yana jiran sa. Da aka yi la'asar ya ce zai zaga, ya laɓe bayan buro ya kira Yamai.

"Raliya, gwada ki nake so in yi, in ga ko karatun ya zauna. A ce wani mutum ya shiga wani baƙin allo..."

"Kawu, tun yaushe kake ciki?"

"Na ce miki wani mutum."

"To ka ce wa mutumin ya danna maɓallin da ke ƙuryar sama ta hagu, ya buga ɗigo biyu, sai w, sai q, sannan ya danna babban maɓalli. Zan kuma turo masa layin da zai saita allo mai sauƙi, shi ne na farko a takardar da na bari."

"Madalla. Kin ci jarrabawa."

Ya dawo ya ce a matsa a ba shi iska. Ya naɗe hannun riga, ya yi bismilla da ƙarfi, ya danna. Allo ya buɗe. Wallahi mun tafa masa, har da matar nan mai takardar haihuwa.

Wannan tafi shi ya ƙarasa lalata shi. Saitin abin kwatance ya ce ba zai tambayi yarinya ba. Ya samo wani bidiyo a salula, wani mutum yana bayani da Ingilishi, Tahiru kuwa Faransancinsa ma na kasuwa ne, amma ya kwafe rubutun harafi-harafi, kuma abin mamaki ya yi aiki. Rubutu ya jeru gida biyu, tsoho a hagu, sabo a dama. Nan Tahiru ya ɓata rai.

"Kun gani ko? Ta zaunar da tsoho a hannun hagu, yaro ya haye dama. A gidan wa aka taɓa yin haka?"

Ya koma cikin saitin ya juya kalmomi biyu, tsoho ya dawo dama. Abin da bai sani ba, ita na'ura duk abin da aka ajiye mata a hagu shi take ɗauka tsoho. Daga ranar, abin da aka ƙara ja yake fito masa, abin da aka cire kuma kore.

Ran Talata rezo ya samu, aikin Gazawa ya shigo. Tahiru ya buɗe abin kwatancensa, sai ga layi ɗaya jajawur a jerin masu rai: Nana Aisha, gwaggonsa, mahaifiyar Abdulƙadir. A littafinmu ba a cire suna daga jerin masu rai sai da dalili ɗaya. Ya saki salati, ya rufe buro, ya nufi gida.

Matarsa Zaituna ta ce, "Malam, ka kira Abdulƙadir mana tukuna."

"Na kira, ba ta shiga. Yana can cikin hidimar jana'iza."

"Ko kuma ya ƙetara iyaka sayo kaya, kamar kowace Talata."

"Zaituna, na'ura ba ta ƙarya. Ni na saita ta da hannuna."

"Abin da ya ba ni tsoro ke nan."

Duk da haka ta yafa mayafi, don ba a zama a gida in an ce gwaggo ta rasu. Muka cika taksi guda, maza shida mata huɗu, aka yi ta ambaton alherin marigayiya har Gazawa. Ƙofar gidan ba tabarma ba buta. Tahiru ya ce, "Kun ga halin taubashina, har an watse bai gaya wa kowa ba." Mata suka fara kuka tun daga zaure. Muna shiga tsakar gida sai ga Gwaggo zaune a inuwar itacen bedi, ta miƙe ƙafa, tana ɓarar gyaɗa.

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Inna lillahi. Wa ya mutu?"

Zaituna ta share hawaye ta ce, "Gwaggo, tambayi ɗanki."

Ana cikin haka Abdulƙadir ya faka babur da kaya niƙi-niƙi. Shi da Tahiru abokan wasa ne, ɗan mace da ɗan namiji, ba sa raga wa juna ko a masallaci. Da ya ji yadda aka yi, sai da ya zauna a ƙasa don dariya.

"Taubashi, ka kashe mini uwa, kuma ka zo hannu rabbana? Ko tiyar gero ta sadaka babu?"

"Kai ne ka cire sunanta."

"Ƙara shi na yi. Ni ne ɗan fari, da na zo kan sunanta hannuna ya ƙi bugawa, sai jiya na sa mai ɗakina ta buga."

"To a kife ka turo shi. Ku 'yan bakin iyaka komai naku ta bayan gida yake shigowa."

Gwaggo ta tura mana kwando ta ce, "Tunda kun zo, ku zauna ku taya ni. Ran da na mutu da gaske, Allah ya sa ku yi irin wannan sauri." Rabin buhu muka ɓare kafin ta sallame mu. A hanyar komawa Tahiru ya yi ta bayanin yadda rezon iyaka ke juya rubutu. Saitin kuwa bai taɓa shi ba, tunda laifin na Gazawa ne.

Saura kwana goma Salla ya kammala gidan Agiye, suna ɗari da arba'in da uku, daga mahaifinsa har zuwa jikoki. Ko sau ɗaya bai tura ba, wai ba a nuna wa mutane gini tun yana rabi. Sai dai idonsa ya faɗa kan shafin farko, inda Malam Labo ya rubuta cewa Kaka Gidaɗo ya shigo ƙasar nan daga kudu da jakuna uku da kayan koli. Abin ya yi wa Tahiru ciwo. Littafin da za a raba wa surukai, a ce kakanmu da jakuna? Ya goge ya rubuta raƙuma talatin. Ashe a satin nan shi ma Malam Labo ya tuna wani abu, ya koma kan wannan layi ya gyara: jakuna biyu ne, ɗayan ma na aro.

Da Tahiru ya janyo aikin Gidan Rumji, manhaja ta tsaya cak. Ta ce mutum biyu sun taɓa layi ɗaya, ba za ta wuce ba sai an zaɓa.

Gumi ya karyo masa. In ya zaɓi raƙuma, ya ƙaryata ƙanen ubansa, kuma manhajar nan ba ta rufa asiri, za ta rubuta sunan wanda ya yi. In ya zaɓi jakuna da hannunsa, ya lashe amansa. Can sai fuskarsa ta washe. Ya ƙwala wa Jibrilla kira.

"Zo ka ga ranar da nake faɗa maka. Yau za ta koyi biyayya."

Ya buɗe saitin mai sasanci ya rubuta mata doka: duk inda nawa ya yi karo da wanda ya zo daga wajen babba, ɗauki na babba ki ɗora a kan nawa. Ya gwada, ta yi, sannan ta tambaye shi ko sasancin ya yi daidai.

"Ka ji rashin kunya? Babba ya yi magana, tana tambaya ko an tabbata." Ya nemo wurin ya kashe tambayar.

Jibrilla ya ce, "Ni dai da ta tambaye ni, da na duba."

"Shi ya sa kake sayar da shayi."

To dokar da ya rubuta ba ta ce layi ba. Takardar gaba ɗaya ta ce. A takardar Malam Labo kuwa akwai gidan Gidan Rumji, akwai na Gazawa da ya riga ya shiga, amma na Agiye kan magana ne kawai, ƙasansa fili, tunda Tahiru bai taɓa turawa ba. Ita na'ura ta ɗauko wannan ta shimfiɗa a kan tasa kamar yadda aka umarce ta. Don kada a ce bai duba ba, Tahiru ya buɗe abin kwatancensa, sai ga sunaye ɗari da arba'in da uku sun fito kore shar.

"Jibrilla, dubi gidanmu. Kamar gonar gero a watan takwas."

A ranar ya tura wa mai buga littattafai a Maradi ta salula, ya ce kwafi ɗari biyu, a sa bango mai kyau. Da yamma Raliya ta kira.

"Kawu, in an gama rubutu ka bar mini haɗawar."

"An haɗa. Har ya tafi wajen bugu."

"Ka karanta kafin ka tura?"

"Mai miya sai ta shanye tukunya take sanin gishiri ya ji?"

"To turo mini in duba."

"Ki gani a wurin taro tare da kowa."

Ranar taro mota uku muka yi daga Agiye, tsofaffi a gaba, yara a cinya. A Maradi aka tsaya aka ɗauki kwalaye huɗu a liƙe aka ɗaure a saman mota. Zaituna ta ce a buɗe ɗaya a gani, Tahiru ya ce ba a buɗe littafin zuri'a kafin babba. Yana cikin sabuwar shadda, ta sha sitati har tana ƙara in ya motsa.

A ƙofar gidan Malam Labo an kafa rumfuna, an shimfiɗa tabarmi, mutane sun fi ɗari uku. Aka raba littafi. Tahiru bai jira an ba shi ba, ya ɗauki mikro na lasifika ya ce kada kowa ya riga mai karatu buɗe shafi. Sannan ya shiga jawabi. Ya faɗi yadda ya tarar da na'ura ba ta san babba ba, yadda ya zaunar da tsoho a dama, yadda ya hana ta musu da na gaba. Mu 'yan Agiye muna ta gyaɗa kai muna kallon 'yan Gazawa a ɗage.

Malam Labo ya ce, "Madalla. To karanta muna."

Tahiru ya karanta jakuna biyu, ɗaya na aro, da murya ƙasa-ƙasa, aka yi dariya aka wuce. Ya karanta gidan Gidan Rumji, masu rai na miƙewa suna amsawa, ana yi wa mamata Fatiha. Sannan ya gyara tsayuwa, ya ɗaga murya.

"Gidan Agiye."

Muka gyara riguna. Wasu har sun dafa ƙasa za su miƙe.

Tahiru ya ƙura wa shafin ido.

Ƙasan wannan rubutu fili ne da bai fi faɗin yatsu biyu ba, sai kuma "Gidan Gazawa". Tahiru ya lashi yatsa ya murza shafin ko biyu ne suka manne. Ɗaya ne. Ya karɓi littafin na kusa da shi, haka. Ya karɓi na wani, haka. Ya leƙa bayan bango.

Abdulƙadir ya ce daga inda yake zaune, "Taubashi, ci gaba mana, mu ne a layi."

Baba Abdulrahaman, wanda ya haura tamanin kuma muka sha wahalar sa shi a mota, ya dogara sanda ya miƙe. "Tahiru, ni fa? Mutuwa na yi, ko ba a haife ni ba tukuna?"

Wurin ya kece da dariya. Mu dai 'yan Agiye ba mu yi ba, don mu ake wa. Tahiru ya ce aikin mai bugu ne, ya ce rezo ne, ya ce akwai hannun maƙiya. Amma a ransa ba dariyar ce ta fi ƙona shi ba. Sunan farko da ya kamata ya karanta na mahaifinsa ne. Shekara goma sha ɗaya ana yi wa mutumin nan Fatiha a wannan wuri, sai bana da ɗansa ya riƙe mikro aka tsallake shi. Ya rasa inda zai sa ido.

Raliya, wadda ta iso daga Yamai da safen nan, ta taso daga cikin mata ta durƙusa gefensa ta ce ya ba ta ordinatar. Ta duba kamar minti biyu.

"Kawu, ka ce mata duk inda naka ya haɗu da na Baba, ta ɗauki na Baba."

"Ƙwarai."

"To ta ɗauka."

"Layi ɗaya nake nufi."

"Ba ka ce mata layi ba. Ta so ta tambaye ka, ka hana ta."

"Amma na duba, kore ne ya fito."

"A wajenka kore shi ne abin da aka cire, tun ran da ka mayar da tsoho dama."

Daga bayan rumfa aka ji muryar Gwaggo Nana Aisha tana cewa, "Allah sarki, ashe ta nan na mutu."

Malam Labo ya cire tabarau ya goge ido, ya ce, "Kenan na'urar ba ta yi laihi ba. Biyayya anka koya mata, ta kau yi."

Raliya ta ce sunayen suna nan cikin tarihin da manhajar ke riƙewa, ba abin da ya ɓata, sai dai na takarda kam an riga an buga. Ta dawo da su nan take, ta miƙa wa Tahiru ordinatar ya karanta daga fuskarta. Ya kira sunan mahaifinsa, aka shafa Fatiha. Muka miƙe ɗaya bayan ɗaya muna amsa sunayenmu, ba mai kallon 'yan Gazawa.

Da aka gama, Malam Labo ya zaro alƙalami daga aljihu. Tahiru, ko don sabo, ya ɗan matso.

"Alƙalamin ga, wanda ke cikin littahi aka ba," in ji Malam Labo. "Na duba, ban ga Tahiru ba. Raliya, zo ki amsa."

Tahiru ya ce, "Baba, ai ita ma 'yar Agiye ce."

"Ta wajen uwa. Ubanta ɗan gidan ga ne. Shahi na huɗu, duba."

Tahiru ya duba. Tana nan.

Malam Labo ya ce a sake buga shafukan Agiye a liƙa wa kowa a littafinsa, mutum ɗari da arba'in da biyu, tunda su zalunci anka yi musu. "Amma wanga da ya shahe kainai da hannunai, sai shi shigo kamar kowane sabon zuwa. Magatakarda, rubuta shi inda anka tsaya."

Raliya ta buɗe shafin ƙarshe na littafin Malam Labo. Suna na ƙarshe, wanda aka ƙara da hannu, shi ne Abdulmumini, jikan Abdulƙadir, wanda aka yi sunansa ana jibi Salla. Ta sunkuyar da kai don kada kawunta ya ga bakinta, ta rubuta Tahiru a ƙarƙashinsa.

Abdulƙadir bai yi wata-wata ba. Ya aika cikin gida aka kawo jaririn a naɗe cikin zane, ya tallabo shi ya tsaya gaban taubashinsa.

"Auta, gaida yayanka."

Tahiru ya buɗe baki zai yi gardama. Ya dubi Malam Labo, ya dubi Zaituna da ta rufe fuska da mayafi kafaɗunta na rawa, ya dubi mutum ɗari uku da ya gama yi wa huɗuba a kan bin na gaba. Sai ya tattare shaddar nan mai sitati, ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa.

"Yaya, barka da Salla. An zo lafiya?"

Jaririn ya yamutsa fuska, ya yi masa atishawa a ido.

Tahiru ya goge da hannun riga ya ce, "To, jama'a, kun dai ji. Babba ya yi magana, ni ba ni da ta cewa."